Isaka da Ya Ɗauke Taurarin Saga

Shari'ar farko da Isaka mai hoto ya taɓa shiga a rayuwarsa da akuya ya yi ta, kuma akuyar ce ta ci.

Da safe ne ya wanke kilishensa, wato ledar nan mai santsi da ake zarowa daga cikin aparai, kyamara ke nan, bayan an ɗauki hoto, wadda masu hoton Yamai suka ari sunanta a bakin Faransawa. Ya shanya a igiyar rumfa don ta sha iska, ya shiga ɗaki shan kunu. Maƙwabciyarsu Balkisa tana da wata jar akuya marar kunya, wadda ko ledar omo ba ta ƙyalewa. Ta tsallako ta inda katanga ta zube, ta miƙe a ƙafa biyu kamar mai neman gafara, ta ja tsiri guda ta hau tauna. Kafin Isaka ya fito da ludayi a hannu, aikin rani guda ya gangara cikin tumbi.

Ya ja akuyar ta ƙaho har ƙofar mai unguwa, Balkisa na biye tana gyara ɗaurin zane, tana zuba Zabarmanci da Hausa a cakuɗe. Mai unguwa tsoho ne Bazabarme mai Hausar kasuwa. Da ya hangi zanen Gobirawa a kumatun Isaka sai ya gyara zama, don Allah ya kawo masa taubashi har gida.

"To, bawana, me ya faru?"

"Ranka shi daɗe, akuyar wagga mata ta cinye mini kilishe."

"Kilishi?"

"Kilishe."

"Ai shi na ce. Na sa ne ko na rago?"

"Na taurari ne, ranka shi daɗe."

Mai unguwa ya juya ga mutanen da suka fara taruwa. "Jama'a, tun da uwayenku suka haife ku, wa ya taɓa ganin akuya ta ci nama?"

Ba wanda ya taɓa gani. Balkisa ta dafa ƙirji ta ce, "Baba, ko ƙashi ba ta lasa. Dusa da karan shinkafa, shi ke nan abincinta."

Isaka ya durƙusa zai buɗe bakin akuyar ya nuna shaida, ta kai masa karo a haɓa. Nan take aka yanke hukunci: Bagobiri ya rufe ɗaki ya cinye kilishinsa shi kaɗai, ko matarsa bai sam wa ba, ya zo yana ɗora wa dabbar Allah. Tararsa ita ce ya kawo wa mai unguwa irin wanda ya ci, mai yaji sosai. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya koma gida, akuya ta bi uwargijiyarta tana tuƙa.

Wannan ita ce dariyar da aka yi masa da zuciya ɗaya. Ta baya da ta biyo, babu daɗi a cikinta.

Isaka ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Gobir, bayan Tibiri. Ubansa manomi ne irin na da, wanda ba ya zuba iri a rami sai malamin gari ya ce tauraro kaza ya kama. Shekarar yunwa ce ta koro yaron zuwa Yamai yana saurayi, da riga ɗaya da ciki fayau. Ya yi dakon falankai a kasuwar Katako har kafaɗarsa ta yi kanta, sannan wani ɗan Kwatano mai shagon hoto a bakin kasuwar ya ɗauke shi shara. Daga tsintsiya ya koma riƙon fitila, daga fitila ya shiga ɗakin duhu. Kafin maigidan ya tattara ya koma garinsu, Isaka ya iya ɗaukar ɗan lakwal, wato ɗan boko, mai neman katin jarrabawa, da maniyyaci mai neman fasfo, da amaryar da ke so a fito da ita fara sol alhali uwarta ma ta san gaskiya.

Da nan ya tsaya, da yanzu yana da shago biyu da tumbi. Sai Allah ya haɗa shi da Mushe Ɗahiru.

Mushe Ɗahiru malamin lissafi ne a wata lise, babbar sakandare, mutumin Damagaram, siriri kamar sillen kara, yana hawa wata tsohuwar mobilet da ake jin tarinta tun daga nesa. Ya kawo fim a wanke masa. Isaka ya wanke, ya ɗaga, gabansa ya faɗi. Ba mutum, ba gida, ba bishiya, sai ƴan ɗige-ɗige baƙaƙe kamar kashin ƙuda a madubin wanzami. Ya tsara ban haƙurinsa tsaf, har da rantsuwa. Da malamin ya zo ya ɗaga ledar a haske, sai ya washe baki kamar an ce matarsa ta haihu.

"Ga ta! Ga Kaza da ƴaƴanta!"

"Wace kaza, Mushe?"

"Ta sama mana. Kai da ke wanke hoto, ba ka san fari baƙi yake fitowa a kilishe ba?"

Isaka ya sani sarai. Kullum yana ganin haƙoran mutane baƙi ƙirin, gashinsu fari fat. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne sama ma za ta yarda a ɗauke ta. Ya ƙura wa ɗigon ido, sai ga su a cure kamar yadda ubansa ke nuna masa da tsinin hauya. Daga ranar ya kamu, kuma ciwo ne da ba a sha masa sassaƙe.

Mushe ne ya ba shi labarin cewa tun zamanin kakanni Nasara suka zauna a birnin Faris suka raba sama kamar gonar gado. Kowane gidan duban taurari aka yanka masa kasonsa, ya ɗauki hotonsa a kan gilashi. Sannan aka zaunar da mata a ɗakuna suna auna kowane ɗigo, suna rubuta mazauninsa, har wasu suka tsufa a kan kujera, aikin kuwa bai ƙare ba.

"Mu hwa, Mushe? Ina namu kason?"

"Lokacin ƙasar da muke takawa ma rabonta ake yi. Wa zai tuna ya ba ka sama?"

Isaka ya ce, to, ai ita ma bisa kanmu take. In ba a ba mutum ba, sai ya yanka da kansa.

Kayan aikinsu abin dariya ne: falanki biyu na Katako, da maƙalin ƙofa a tsakani, da wata doguwar ƙusa mai zare. Dalili kuwa, sama ba alhaji ba ce da za a ce masa kar ka motsa ya ƙame. Tafiya take yi a hankali, in ka bar idon aparai a buɗe sai kowane tauraro ya ja wutsiya. Don haka ake ɗora aparai a falankin sama, mutum ya riƙa murɗa ƙusar kaɗan-kaɗan yana bin tafiyar. Mushe da agogo yake murɗawa. Isaka ya gwada agogo ya ga yana ɗauke masa hankali, sai ya daidaita hannunsa da istigfari, kuma nasa ya fi fitowa tas. Ya kan ce ko hoton bai yi ba, ai an rage zunubi.

Saga suke zuwa, can gefen Yamai, bakin fadamun shinkafa, don a lokacin in rana ta faɗi a can, duhu ne mai kauri da za ka iya yanka da wuƙa. Sauro ya sha jininsu ya gode. Ana nan aka yi wa Mushe canjin wurin aiki zuwa can gabas, gefen tafki, ya bar wa Isaka falankin ya ce ya riƙe kafin hutu. Hutun bai zo ba, sai labarin rasuwarsa.

Kowa a Yamai in zai sayi fili, tambayarsa ita ce akwai hanya, akwai famfo, yaushe kuran, wato wutar lantarki, zai iso. Isaka shi kaɗai ya je Saga yana tambayar inda ya fi duhu. Mai filin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wa dillali ko dai ɓarawo ne. A nan ya yi ɗaki biyu, a nan ya kawo Rahina, ƴar mutanen Maraɗi, mace mai hannu a dambu da kopto, kwaɗon zogale, mai baki kuma daidai da hannun. Ta kan ce wa mata a bakin famfo, "Ni dai an ce mini mai hoto zan aura. Ashe mai gadin sama ne, kuma ba wanda ya ɗauke shi aikin." Amma ita ce take ajiye masa tuwo a rufe, ita ce ta ɗinka masa safar hannu saboda sauro. Suka haifi mata suka aurar, sai autansu namiji, Mu'azu.

Shi dai Isaka ya yanka samar Saga gida-gida kamar fadamun da ke gabansa. Rani da damina, kowane yanki yana jiran lokacin fitowarsa. In gajimare ya hana bana, sai baɗi. Kowane tsiri ya naɗe shi a takarda ya jera a wani akwatin ƙarfe mai shuɗin fenti, ya zuba ɗanyar shinkafa a gindi don ta sha laima. Burinsa guda ne tak: ranar da ya huta da shago, zai kwashe su duka ya zuba a babban allo, kowane tauraro a mazauninsa, da sunayen da manoma suka sani, taurarin damina su Nasara da Ɗarfa da Jabha, a rataye a lakwal yara su san abin da ke bisa kansu. Zara da Gamzaki kam ya ce ba zai sa su ba, don ba su da gida, yawon gari suke yi.

To, Yamai ba ta tsaya jiransa ba. Gari ya kumbura ya taho yana cin gonaki. Kuran ya iso Saga, aka yi guɗa. Gidajen mai suka kunna fitilun da ko allura ta faɗi za ka tsinta, aka jera wasu a kan titi, kowane mai butik ya rataya tasa. Sama ta koma ja-ja kamar ruwan wankin nama. Ƙananan taurarin suka fara ɓacewa, sannan matsakaita, har Kaza ma sai ka san inda take kafin ka ce ka gan ta. Ta ɗaya gefen kuma portabul, wayar hannu, ta shigo, kowace yarinya ta zama mai hoton kanta, tana murguɗa baki ba mai ce mata gyara. Fim ya ɓace a kasuwa. Isaka ya rufe shago, ya ɗauko injin da yake haska kilishe a bango ya kawo gida.

Duk da haka bai yi baƙin ciki can-can ba. Yana ganin ya riga gari. Abin da fitilu suka cinye, shi yana da shi a ajiye.

Wannan alfaharin ne ya kai shi ya baro. Wata safiya a wajen suna, an shafa fatiha ana raba goro, tsofaffi suka shiga hirar da. Wani ya ce shi abin da ke ba shi tsoro, taurari sun ƙare. Suna yara in suka kwanta a waje sama cike take kamar an watsa gero, yanzu kuwa sai ka ƙirga da yatsu. Wani ya ce alamar tashin duniya ce. Isaka na gefe da goro a kunci, ya yi murmushin mai abin hannu.

"Ku kwantar da hankalinku," ya ce. "Tun da sauransu na ɗauke su duka. Suna gida cikin akwati."



Kun ga abin da Hausa ta yi masa. Shi hoto yake nufi, don a bakin mai hoto, amarya ma ɗaukarta ake yi, ba wanda ya taɓa cewa an sace ta. Su kuwa suka ji an ɗauke, irin yadda ake ɗauke tukunya daga murhu. Da maganar ta shiga Zabarmanci sai ta rasa ƙofar fita, ta zama kwashewa zalla. Kafin azahar ta kai bakin kogi wajen masu wanki. Kuma abin haushin, shaida na nan a sama, kowa ya ɗaga kai zai gani. Shekaru ana ganin mutumin nan da falankinsa yana murɗa ƙusa yana motsa baki, taurari kuwa suna raguwa. Wane ƙarin bayani ake nema?

Sanin kowa ne kowane ɗan Adam da tauraronsa. In yana haske, ko ruwa ka sa a leda sai a yi layi. In ya dushe, ko zinariya ka kasa sai an taya ta da kuɗin albasa. Sai ga mutane a ƙofar Isaka. Wani mai butik da kayansa suka ƙi tafiya ya zo da goro da ladabi, ya ce don Allah a duba a sako masa nasa. Wata mata ta zo a kan ƴarta da manema ke gudu. Isaka ya yi dariya har da hawaye, ya shigo da su, ya buɗe akwati, ya ɗaga tsiri a haske don su gane hoto ne kawai. Ai kuwa ya ƙara wa wuta mai. Matar ta fita tana salati, tana gaya wa duk wanda ta tarar cewa ta gan su da idonta, sun ƙanƙance sun yi baƙi ƙirin, duk sun mutu don rashin iska.

Liman ya yi huɗuba a kai, ya ce wannan jahilci ne, ba mahalukin da ya isa ya taɓa abin da Allah ya rataye. Kowa ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, malam. Aka fito, aka ci gaba daga inda aka tsaya. Goron ya daina zuwa, gaisuwa ta bi shi. In Isaka ya shiga sahu sai na kusa da shi ya tuna bai yi alwala da kyau ba. Masu sayen dambun Rahina suka koma wajen wata.

Shi kuma ya rufe ƙofarsa ya kama aikin allo. Ya sayo faffaɗan katako ya shafa masa farin fenti, ya toshe tagar ɗaki da bargo. Ya haska tsiri ɗaya a kai, ya bi kowane ɗigo da bakin alƙalami, ya cire ya sa na gaba, yana haɗa baki da baki kamar mai ɗinkin tabarma. Aiki ne na mai ido, shi kuwa a lokacin ne farar yana ta fara rufe masa nasa. Da farko ya ɗauka fitilar injin ce ta tsufa, ya canza, hazon bai tafi ba. Sai ya riƙa matsowa har hancinsa na gogar fenti. Ya gama gabas, ya ci rabin arewa. Kudu da yamma suna akwati suna jira, kuma ya san tsere yake yi da idonsa.

Mu'azu a lokacin ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida da takardarsa a leda. Duk jarrabawar ɗaukar aiki da aka buɗe ya shiga, duk sunayen da aka kafe ya je ya duba, ya dawo yana jan takalmi. Ya zama ɗan fada, majalisar samarin unguwa, daga dafa shayi na farko sai na biyu sai na uku. Daga baya aka fara jin Agadas a bakinsa, da Libiya, da wani abokinsa da ya tsallaka har ya aiko da hoto a jikin motar da ba tasa ba. Rahina ta san ƴaƴan wasu mata biyu a unguwar da suka bi hanyar, ba a sake jin ko tarinsu ba. Ta daina barci.

Wata rana ta kawo wa Isaka fura ɗakin aikin, ta tsaya ba ta fita ba.

"Malam."

"Na'am."

"Na ce ko da wasa, ba ka duba ko na Mu'azu ya faɗa cikin kayan nan?"

Ya ɗago da alƙalami a hannu. "Ke ma, Rahina? Ke da kika ɗinka mini safar hannu?"

"Ai ban ce da gangan ka yi ba. Mai jefa taru a kogi ya san kifin da ya shiga?"

"Wa ya gaya miki wagga magana? Balkisa?"

"Ko wa ya faɗa, ai magana ce."

"Hoto ne! Hoto! Sau nawa na ɗauke ki, kin ragu?"

"Na ragu mana," ta ce. "Dube ni."

Ta ɗauki faifanta ta fita. Shi kuma ya yi tsaki ya koma ga allonsa, don yana gab da haɗa wani yanki mai wuya. Da ya bi ta tsakar gida ya zauna da ita ko na shan furar nan ne, wataƙila da labarin ya canza. Amma mutumin da ya shekara talatin yana kallon sama, ba kasafai yake ganin abin da ke tafasa a murhunsa ba.

Ranar da likitan ido ya ba shi, ya fita da sassafe ya hau faba-faba, ƙaramar motar haya, zuwa cikin gari. Aka ɗiga masa wani magani da ya buɗe ƙwayar idon, aka leƙa, aka ce za a iya kankare na dama bayan damina, na hagu kuwa sai addu'a. Ya fito yana murna da rabin labari. Ido ɗaya ai ya isa kudu da yamma. Rana tana sukarsa saboda maganin, ya rufe fuska da hula, bai iso gida ba sai la'asar.

Tun daga zaure warin kanwa ya tare shi. A tsakar gida babbar tukunyar suna ce a kan murhu, wuta ta mutu, ruwan ciki toka-toka da kumfa a baki. Shuɗin akwatin yana gefe a wangale, takardu a warwatse kaji na tonon shinkafar. Ga kwando cike da wani abu mai ƙyalli, a cure kamar an tsane taliya. Mu'azu na jingine da bango, kansa jiƙe, ya riƙe ciki da hannu biyu.

"Baba, wallahi ni ban so ba. Inna ce ta yi ta kuka."

Isaka bai tambayi abin da aka yi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda ake shigar da abin da ke rubuce cikin jikin mutum: a wanke allo, a sha, a shafa saura. Ita ba ta san wanne ne na ɗanta ba, don haka ta wanke duka. Ruwan sanyi ya ƙi fitar da su, ta tafasa da kanwa, ta bi kowane tsiri da soso. Rahina ba ta taɓa yin wanki rabi ba.

"Nawa ka sha?" ya ce.

"Moɗa ɗaya. Sauran ta zuba mini a kai."

"Tashi ka tahi likita yanzu, ka ce ka sha ruwan wankin hoto. Kar ka tsaya yi musu bayani, ba su ganewa."

Yaron ya fita a sunkuye. Isaka ya lallaɓa ya zauna a bakin kwandon, ya tura hannu ciki. Santsi kawai, da ɗumi.

Rahina ta fito daga madafa tana goge hannu a zane. Ba a ce mata komai ba ta fara, da ƙarfi, irin na wanda ya san in ya yi shiru zai ji abin da ya aikata.

"Eh, ni na yi! Ka kai ni inda za ka kai ni. Jakarsa na gani a ɗaure ƙarƙashin gado, da gari da dabino. In zauna in zuba ido hamada ta cinye mini ɗa saboda leda?"

Ya ci gaba da juya hannu a kwandon. Mata sun fara leƙowa ta kan katanga, wasu sun cika zaure.

"Shekara nawa ina haƙuri? An daina gaishe mu, an daina sayen dambuna, ko biki ba a gaya mini sai na ji kiɗa. Kai kana ɗaki kana ɗiga tawada! In hoto ne kamar yadda kake faɗa, to me aka rasa? Hoto ai sake shi ake yi."

Wata daga zaure ta ce, "Gaskiya ne. Ai ba mutuwa aka yi ba."

"Sama gudu ta yi?" Rahina ta nuna sama da hannu. "Ba ga ta nan ba inda ka bar ta? Ga falankinka can, ga ƙusarka. A gyara maka ido ka fita ka sake ɗauka mana! Ka ji ni, Malam? Na ce ka sake ɗauka!"

Isaka ya zaro tsiri ɗaya daga kwandon, ya yarfe ruwan, ya ɗaga shi wajen hasken yamma. Ya rufe idon hagu ya duba da na dama, daga wannan baki har wancan. Ko ɗigo babu. Ya miƙe da ƙyar, ya kamo hannunta ya sa mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

"In sake ɗaukar mi, Rahina? Ai kin riga ni. Riƙe da kyau, wannan shi ne hoton samar Yamai na bana, kuma duk cikin nawa babu wanda ya kai shi kama da ita."